Yadda malami zai tantance aikin binciken kimiyya na intanet kafin ya kai shi aji

Malamin kimiyya da ya zauna da wayarsa yana neman abin da zai ƙara wa darasinsa armashi ba zai daɗe ba sai ya tarar da ayyuka birjik, kowanne yana iƙirarin cewa zai mayar da ɗalibi ɗan bincike. Wasu jami'o'i ne suka shirya su, wasu hukumomin gwamnati, wasu kuma kamfanoni masu neman kasuwa. Samun su ba wuya. Wuyar tana wajen zaɓe, domin lokacin darasi bai fi minti 40 ba, zangon karatu makonni ne ƙidayayyu, kuma aikin da ya cinye mako biyu bai koyar da kome ba ya tafi da abin da ba za a iya dawo da shi ba. Tambayar da ya kamata ta zauna a ran malami tun daga buɗe shafin farko ita ce: a cikin wannan aikin, wane ne yake yin tunanin, yaron ko na'urar?

Kafin a auna kowane aiki sai an san ma'aunin. A shekarar 2000 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da wani jagora kan koyar da kimiyya ta hanyar bincike, inda ta kawo siffofi biyar da ake gane irin wannan koyarwa da su. Ɗalibi zai fuskanci tambayar da za a iya amsawa ta hanyar lura ko gwaji, zai fifita hujja a kan abin da ya ji an faɗa, zai gina bayaninsa daga hujjar, zai gwama bayanin nasa da sauran bayanai da kuma abin da masana suka tabbatar, sannan zai tsaya gaban wasu ya gabatar da shi ya kuma kare shi. Duk aikin da ya rasa hujjar da ɗalibi ya tattara ko ya nazarta da kansa, to karatu ne aka yi wa ado da hotuna masu motsi. Yana iya zama karatu mai amfani, amma ba shi ake nema a nan ba.

Mataki na farko, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne malami ya yi aikin da kansa daga farko har ƙarshe kamar shi ne ɗalibin. Kada ya wadatu da karanta shafin da aka rubuta domin malamai, domin wannan shafin yakan bayyana abin da masu aikin suke fata ne kawai. Ya ɗauki wayar da ta fi kowace rauni a cikin waɗanda za a yi amfani da su, ya zauna a cikin ajin da za a yi darasin ba a ofishin da sabis ya fi ƙarfi ba, ya ajiye agogo da takarda a gefe. Duk inda aikin ya tilasta masa ya tsaya ya yanke shawara, wato ya yi hasashe, ko ya zaɓi abin da zai auna, ko ya bayyana dalilin wani sakamako, sai ya ja layi ɗaya a takardar. Duk inda danna maɓalli kawai ya yi domin ya wuce gaba, kada ya rubuta kome. Idan ya kai ƙarshe bayan rabin sa'a ya ga layuka biyu ne kacal a takardarsa, ya samu amsa. Ya kuma gwada ba da amsar banza da gangan ya ga abin da zai faru, domin akwai ayyukan da ko me aka rubuta za su yaba su buɗe shafi na gaba, kuma yara sukan gano wannan cikin minti biyar.

Bayan haka sai a duba yawan 'yancin da aikin ya bai wa ɗalibi. Wasu masana ilimi biyu, Heather Banchi da Randy Bell, sun kasa bincike a aji hawa huɗu a wani rubutu da suka wallafa a 2008, kuma rabon nasu yana da sauƙin riƙewa idan aka ɗauki misalin tsirar wake. A hawa na farko an gaya wa yaro cewa iri yana buƙatar ruwa kafin ya tsira, an ba shi hanyar gwaji, shi dai tabbatarwa zai yi. A na biyu an ba shi tambaya da hanya, amma ba a gaya masa sakamako ba. A na uku tambayar kawai aka ba shi, misali ko zurfin shuka yana shafar saurin tsira, shi zai tsara gwajin, ya san gwangwani nawa zai cika da ƙasa da abin da zai bari bai canza ba. A na huɗu har tambayar ma tasa ce. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar hawa na huɗu a matsayin wanda ya fi kowanne a kowane hali. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi wani rubutu da ya jawo muhawara sosai, inda suka nuna cewa ɗalibin da bai da tushe a fanni, idan aka sake shi ba jagora, ruɗewa yake yi maimakon koyo. Yaran da suka shekara shida suna kwafe rubutu daga allo ba za a ce musu rana ɗaya su ƙirƙiro tambayar bincike ba. A ganina aikin da ya fi dacewa da yawancin ajujuwanmu shi ne wanda ya fara daga hawa na biyu kuma ya bar ƙofar da malami zai ɗaga shi zuwa na uku idan yara sun yi ƙwari.

Ayyukan da ake samu a intanet ba jinsi ɗaya ba ne, kuma kowane jinsi da inda yake ɓoye rauninsa. Akwai gwaje-gwajen kwaikwayo a kwamfuta, waɗanda mafi shaharar su shi ne PhET na Jami'ar Kolorado, wanda Carl Wieman, da ya samu kyautar Nobel a fizik a 2001, ya kafa a 2002. A nan yaro yana iya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon na'ura ya ga hasken ya ƙaru ko ya ragu. Kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, musamman ga makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ya zama sito, amma shi kaɗai bai zama bincike ba. Takardar aikin da malami ya haɗa da shi ita ce ke yanke hukunci. Idan takardar ta ce a jera ƙwai biyu a kan waya ɗaya a lura cewa haskensu ya ragu, an riga an kashe tambayar. Idan kuwa ta ce kowa ya rubuta hasashensa kan abin da zai faru da haske idan aka ƙara ƙwai na biyu, ya faɗi dalilinsa, sannan ya gwada, sannan ya nemo hanyar haɗa ƙwan biyu ba tare da haskensu ya ragu ba, to na'urar nan ɗaya ta zama wurin tunani. Akwai kuma cikakkun darussa irin na WISE, wanda Marcia Linn da abokan aikinta suka gina a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili, inda ake bi da ɗalibi mataki-mataki yana rubuta hasashe da bayani, malami kuma yana ganin abin da kowa ya rubuta. Tsarinsu yana da kyau, sai dai suna ɗaukar kwanaki, suna son intanet a kowane zama, kuma karatun Ingilishin da ke ciki yana da yawa.

Jinsi na uku shi ne wanda jama'a ke taya masana aiki. A dandalin Zooniverse, wanda ya samo asali daga aikin tantance hotunan manyan gungun taurari na Galaxy Zoo a 2007, an yi wani aiki mai suna Snapshot Serengeti inda ake nuna wa mutum hotunan da kyamarori suka ɗauka a dajin Tanzaniya ya faɗi dabbar da ya gani da adadinta. Yara suna son irin wannan, kuma bayanan suna zuwa hannun masana da gaske. Amma a lura: tambayar ta masana ce, nazarin ma nasu ne, yaron leburan ƙirga ne kawai, sai fa idan malami ya ɗora tasa tambayar a kai, misali ya sa su riƙa rubuta waɗanne dabbobi ne suka fi fitowa a hotunan dare su nemi dalili. Wajen tantance irin wannan aiki, abin dubawa shi ne ko bayanan suna dawowa hannun aji ko tafiya kawai suke yi.

Akwai wata tambaya da take rage tarin ayyuka da sauri: me intanet ta ƙara da ba za a samu ba in babu ita? Idan abin da ake kwaikwayo a allon waya ana iya yin sa da gwangwani da ƙasa da ruwa a bayan aji, to a yi shi a bayan aji. Intanet tana cancantar kuɗinta ne idan ta kawo abin da ya yi nisa, ko ya yi haɗari, ko ya yi tsada, ko kuma ta haɗa aji da wani aji. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne gwajin Eratosthenes, masanin da ya rayu a Iskandariya sama da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya auna kewayen duniya ta hanyar gwama inuwar tsakar rana a garinsa da ta garin Aswan na yau, ya samu bambancin kusan digiri 7. Makarantu a ƙasashe da dama suna maimaita wannan gwaji a ranakun da dare da rana ke daidaita, wato wajen 20 ko 21 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba, suna musayar sakamako ta intanet.

A ce aji ne a Kano. An kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai laushi, an rataya zare mai dutse a gefenta domin a tabbatar ta miƙe sak, yara sun durƙusa suna sa alama a bakin inuwar kowane minti biyar tun daga sha biyun rana. Inuwar tana raguwa, ta tsaya, ta fara ƙaruwa. Yaron da ya yi karatun allo ya san wannan lokaci da sunansa, shi ne zawali, kuma zai yi mamakin ganin cewa a Kano ba ƙarfe sha biyu daidai yake faɗawa ba, a watan Maris sai wajen sha biyu da rabi. Inuwa mafi gajarta za ta kai kusan santimita 21, wanda ya ba da kusurwar digiri 12. Wani aji a Kalaba, wadda take kusan kudu sak da Kano, zai samu inuwar da ba ta kai santimita 9 ba, wato kusan digiri 5. Bambancin digiri 7 ke nan a tazarar kusan kilomita 780. Idan aka raba 360 da 7 aka ninka da 780, za a samu abin da ya ɗan haura kilomita 40,000, kuma kewayen duniya ke nan. Duk abin da intanet ta yi a nan saƙo ɗaya ne mai ɗauke da lamba ɗaya, amma in babu shi babu aikin. Sannan gwajin yana koyar da abin da ba a samu a littafi: kuskuren santimita ɗaya wajen auna inuwar yana karkatar da kusurwar da kusan rabin digiri, wanda zai sauya amsar ƙarshe da kusan kilomita dubu uku. Rukunin da ya samu 37,000 da wanda ya samu 43,000 za su yi gardama kan sandar wa ce ta karkace, kuma wannan gardamar ita ce darasin. Wanda zai yi shi da abokan kudu ya zaɓi Maris, domin a Satumba hadari yakan rufe rana a bakin teku. Da wannan misali ya kamata a riƙa gwada sauran ayyuka: kayan aiki kaɗan, awo na gaske, lamba da ake iya kuskurewa, da dalilin yin magana da wasu.

Daga nan sai a duba ko aikin ya san inda muke. Yawancin waɗannan ayyuka an tsara su ne domin yaran Arewacin Amurka da Turai. Shirin Journey North, misali, yana sa makarantu su shuka furen tulif su ba da rahoton ranar da ya tsiro domin a bi sawun shigowar ɗumi bayan sanyin ƙanƙara. Aiki ne mai kyau a wurinsa, amma tulif yana buƙatar dogon sanyi kafin ya tsiro, kuma shekarar da ta kasu damina da kaka da hunturu da bazara ba ta da gurbi a taswirarsa. Shirin GLOBE kuwa, wanda ya fara aiki a 1995 da goyon bayan hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, kuma ya bazu a ƙasashe sama da 120 ciki har da Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi, yana da ƙa'idojin awo da suka dace da kowace ƙasa: gajimare, ruwan sama, zafin ƙasa, tsayin bishiya, wuraren da sauro ke ƙyanƙyasa. Wanda ya tura rahoton gajimare daidai lokacin da tauraron ɗan'adam ke giftawa ana iya aiko masa da hoton da tauraron ya ɗauka ya gwama da abin da idonsa ya gani. A lokacin hunturu, sanda ƙura ta rufe sama, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, rahoton yaron Damagaram ko Maiduguri yana da daraja domin daga ƙasa ya ga abin. Haka ma aikin sauro: yaro ya ɗebo ruwa daga tsohuwar taya ya ga cewa tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro tana kwanciya ne a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, sauran kuma suna ratayewa kai a ƙasa. Wannan ilimi ne da zai koma da shi gida.

A bincika kuma wa ke bayan aikin da kuma ko yana raye. Sunan jami'a ko hukuma a ƙasan shafi alama ce mai kyau, amma abin da ya fi shi shi ne ranar da aka shigar da bayani na ƙarshe, domin irin waɗannan ayyuka da tallafin kuɗi suke tafiya, kuma tallafi yana ƙarewa ya bar shafin a tsaye. Duk wanda ya dogara da fasahar Flash, wadda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2020, ba zai buɗe a wayar yau ba. Idan aikin yana karɓar bayanai daga makarantu, a duba ko yana da rubutacciyar ƙa'idar awo, wato da wane kayan aiki, a wane lokaci, sau nawa, domin in babu ita lambobin da aka tara ba sa gwamuwa.

Maganar wuta da data ba sai an tsawaita ba, kowane malami ya san halin da yake ciki. Abin da za a tabbatar shi ne ko ana iya sauke aikin a yi amfani da shi ba intanet, kamar yadda ake yi da gwaje-gwajen PhET, da kuma ko ana iya yin awon a takarda a tura daga baya da waya ɗaya. A duba ma'aunin data kafin gwajin farko da bayansa, a ninka da yawan na'urorin da za a kunna, a ga ko aljihu zai ɗauka. Ajin da yake da yara sittin da waya uku yana iya yin aikin inuwa ko na ruwan sama, amma ba zai iya aikin da yake son kowane yaro ya shiga da sunansa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a tanadi abin da za a yi idan sabis ya ɗauke a tsakiyar darasi. Harshe ma abin dubawa ne: idan umarnin ya fi kimiyyar wuya, malami ya rubuta shi da kansa a taƙaice, kuma ya bar yara su yi gardamarsu da Hausa kafin su rubuta da harshen jarrabawa.

Tsaron yara kuwa ba a yi masa sassauci. A karanta abin da aikin yake nema wajen rajista: suna, shekaru, hoto, lambar waya, wurin da mutum yake. Dandalin iNaturalist, inda ake tura hotunan tsirrai da ƙwari masana su taimaka wajen gane su, bai yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu da kansa, kuma yakan nuna wa duniya inda aka ɗauki hoto sai an ɓoye wurin da gangan. Yaron da ya ɗauki hoton ƙadangare a tsakar gidansu ya nuna ƙofar gidansu ke nan bai sani ba. Masu dandalin suna da wata manhajar waya mai suna Seek wadda ba ta buƙatar rajista, ita ta fi dacewa da ƙanana. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce asusu ɗaya da sunan malami. A duba kuma ko akwai wurin da baƙi ke iya aiko wa ɗalibai saƙo. Idan aikin zai fitar da yara waje, a sanar da shugaban makaranta da iyaye, kuma kada a bar kowa ya tsoma hannu ko ƙafa a kududdufi ko tafki, inda ake kamuwa da tsargiya.

Abin da ya rage shi ne manhajar karatu da jarrabawa, kuma malamin da ya yi kamar bai damu da su ba yana yaudarar kansa ne. Ya buɗe tsarin aikinsa na zango ya nuna da yatsa makon da wannan aiki zai maye gurbinsa. Idan bai samu makon ba, aikin na ƙungiyar kimiyya ne bayan tashi, ba na aji ba. Abin da ke taimakon malami a nan shi ne jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO tana neman ainihin abin da kyakkyawan aiki ke koyarwa, wato karanta ma'auni, cika jadawali, zana giraf, da faɗin abin da ka iya jawo kuskure. Wannan hujja ce da za a iya kaiwa gaban shugaban makaranta.

Kafin a kai aikin gaban aji gaba ɗaya, a gwada shi da yara biyar ko shida, a haɗa da masu rauni da masu shiru, maza da mata, kada a zaɓi zaƙaƙurai kaɗai. A ba su tambaya ɗaya su amsa a rubuce kafin a fara, misali me ya sa inuwar Kano ta fi ta Kalaba tsawo a lokaci ɗaya, a karɓe takardun a ajiye. Malami ya koma gefe ya saurari abin da suke faɗa wa juna. Idan maganarsu duk ta ina za a danna ce, na'urar ta cinye darasin. Idan ya ji wata ta ce wa ɗan'uwanta, "Kai, sake aunawa, sandarka ta karkace," aikin ya fara aiki. Bayan mako guda a sake ba su tambayar nan, a ɗan sauya garuruwan, a ce Agadas da Kano, a ajiye takardun biyu gefe da gefe a karanta dalilan da suka rubuta.